Yadda Ake Renon Bishiyar Falamboyan a Gida, Daga Ƙwaya Har Furen Farko

Duk wanda ya taɓa shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ya ratsa tsofaffin layukan GRA a tsakanin ƙarshen Afrilu da watan Mayu, ya san bishiyar da zan yi magana a kanta ko da bai san sunanta ba. Lokacin ne zafin bazara ke kai intaha, hadari ya haɗu da la'asar ya watse, gari ya yi fari fat da ƙura. Ana cikin haka sai ka hango wata bishiya mai faɗin kai kamar laima ta yi ja wur, kai ka ce garwashi aka juye mata. Masu sayar da dashe suna kiranta falamboyan. Asalinta daga tsibirin Madagaska ne, kuma 'yar dangin ɗorawa da tsamiya ce, shi ya sa ganyenta ƙanana-ƙanana yake kama da nasu, 'ya'yanta kuma suke zuwa cikin dogon kwanso. Ƙasar Zazzau ta karɓe ta hannu bibbiyu, don abin da take so shi muke da shi: rana mai ƙarfi, damina ta wata biyar zuwa shida, da dogon rani da za ta huta a cikinsa.

Guda uku na rena. Ta farko da hannuna na sa aka sare ta tana shekara bakwai, tana tsakiyar ƙuruciyarta, sau biyu kacal ta yi mini fure. Ba ta yi laifin komai ba, ni na dasa ta taku uku daga katanga, kusa da sokawe. Har yau in na tuna ranar da gatari ya hau ta sai raina ya sosu. Saboda haka zan fara da abin da na yi sakaci da shi, kuma a nan zan fi daɗewa.

Wuri kafin iri

Kada ka sayi dashe, kada ka jiƙa ƙwaya, sai ka fita tsakar gida ka auna da ƙafarka. Falamboyan in ta girma tsawonta kan kai mita 10, faɗin kanta kuwa yakan wuce tsawonta. Saiwarta ba ta nutsawa ƙasa sosai, a sama-sama take tafiya, tana kauri tana yaɗuwa kamar yatsun hannu. Ita ce ke ɗaga daɓe, ta tayar da intalok, ta tsaga katanga tun daga harsashi. In ta ji ƙanshin danshi kuwa, sokawe ne ko bututun ruwa mai yoyo, can za ta nufa ba fashi.

Ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce taku goma na babban mutum, wato kusan mita 7 zuwa 8, daga kowane gini, katanga, rijiya, sokawe ko masai. Bayan ka auna ƙasa sai ka ɗaga kai. Akwai wayar wutar lantarki a sama? In akwai, sauya wuri, domin nan da shekara shida ma'aikatan wuta za su zo su datse mata kai, kuma falamboyan da aka datse wa kai ta rabu da kyanta ke nan. Duba rufin gida ma. Tana kaɗe ganye da hunturu, ganyen nan ƙanana yana cika indararo ya toshe shi. Rassanta kuma ba su da tauri. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina, wadda duk mutumin Zariya ya san ɓarnarta, tana iya karya reshe ya faɗo a kan kwano ko mota.

Sai rana. Tana son rana tun hantsi har la'asar sakaliya. In ka sa ta a gindin mangwaro ko darbejiya za ta miƙe siririya tana neman haske, ganye kawai za ka gani.

Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba ita ce, yawancin gidajenmu ba su da wurinta. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka gine kusan dukkansa, ko gidajen cikin Birni da Tudun Wada da ke manne da juna, ba za su ɗauke ta ba. Wanda ke da fili a wajejen Shika, Basawa, Dakace ko Zango, ko makaranta, ko harabar masallaci, ko gidan gona, shi ne ta dace da shi. In ƙofar gidanka tana da faɗi kana son ka dasa a nan, yi shawara da maƙwabta tukuna, in wurin na jama'a ne ka sanar da mai unguwa. Inuwar ta kowa ce, sharar ma ta kowa ce, gara a yi maganar tun bishiyar tana cikin leda.

Mai ƙaramin gida kada ya ce an bar shi a baya. Akwai ƙanwarta, wata ƙaramar bishiya mai kama da ita, wadda furenta ja da rawaya ne, tana da 'yar ƙaya, ba ta cika wuce mita 3 ba, masu sayar da furanni sun san ta. Akwai firanjifani mai farin fure da ƙanshi, wadda ake yanko reshenta da rani, a bar shi a inuwa mako ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sannan a kafa. A dai kiyaye farin ruwanta daga ido da hannun yara. Akwai kuma namu na gida da muka raina: minjirya mai jan fure da ake kafa shinge da ita, da gama-faɗa mai zubo rawayan fure kamar sarƙa, da sansami da ke yin fure mai ruwan hoda da rani. Waɗannan ba baƙi ba ne, sun san ƙasarmu tun kaka da kakanni.

Samun ƙwaya da tayar da ita

Za ka iya sayen dashe a wurin masu lambun furanni na bakin titi, kuma ba laifi. In za ka saya, kada girma ya ruɗe ka. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta: in saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, bar shi. Ƙaramin dashe mai tsawon gwiwa, mai kauri, mai kore shar, ya fi dogon da ya shekara biyu a matse.

Ni dai na fi son tayarwa daga ƙwaya, don ba ka kashe ko sisi, kuma kai ka zaɓi uwar. Tun watan Mayu ka sa ido a kan bishiyar da furenta ya fi cika da ja, ka riƙe wurinta. Da hunturu za ka tarar ta tuɓe ganye, kwansunanta baƙi-baƙi suna reto, wani ya kai tsawon kamu guda ko fiye, irin waɗanda yara ke kaɗawa suna kacau-kacau. Nemi izinin mai wurin ka ɗebi biyu ko uku da suka bushe ƙayau. Kwanson yana da tauri kamar katako, sai ka sa bakin adda a gefen ɗinkinsa ka buga a hankali. Kowanne yana ɗauke da ƙwaya 20 ko fiye, dogaye masu zane. Zubar da masu huji da waɗanda suka motse.

Ɓawon ƙwayar nan ruwa ba ya ratsa shi. In ka binne ta haka nan tana iya yin watanni ba ta motsa ba, har ka ɗauka matacciya ce. Hanya biyu ce ake bi. Ta farko, ka goga gefenta a kan sanfefa ko daɓen siminti mai kaushi, ko ka ɗan ƙwanƙwatse ta da abin yanke farce, har ka hango ɗan farin ciki. Ka yi hakan a ƙarshen da ba shi ne mai ɗan tabon cibiya ba, don ta wajen cibiyar saiwa ke fitowa. Sannan ka jiƙa cikin ruwa kwana ɗaya. Ta biyu, ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka bar shi ya daina tafarfasa, ka zuba a kan ƙwayoyin cikin kwano, ka bar su a ciki har washegari. Kada ka dafa su a kan wuta. Kowacce ka bi, alamar nasara ɗaya ce: ƙwayar za ta kumbura ta kusa ninka girmanta. Wadda ba ta kumbura ba sake goge ta ka mayar.

Lokacin wannan aiki shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Maris, bayan sanyi ya sassauta. In ka shuka a tsakiyar hunturu sanyin dare zai sa ta nawa. In ka shuka a Maris kuwa, kafin ruwa ya zauna a Yuni dashenka ya isa fita.

Nemi baƙar ledar reno mai ɗan zurfi, kamar tsawon taƙi guda ko fiye. Ledar fiya wata ta yi kaɗan, cikin wata ɗaya saiwa za ta cika ta. Haɗa ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin shanu da aka tankaɗe kashi ɗaya. Huda gindin ledar wuri huɗu ko biyar. Binne ƙwaya ɗaya a kowace leda, a kwance, zurfin gaɓar yatsa guda. Shuka kamar goma ko da guda kake buƙata, ka zaɓi mafi ƙarfi, sauran ka yi kyauta da su. Ajiye su inda rana ke taɓa su da safe, inuwa ta rufe su da azahar, kuma inda kaji ba sa kaiwa. Yayyafa ruwa safe da yamma, danshi ake so ba taɓo ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga sun ɗago kai.

Duk bayan mako biyu ka ɗaga kowace leda ka sauya mata mazauni, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Mako biyu kafin dashe ka fitar da su cikin rana sosai, ka rage ruwa kaɗan, su saba da abin da za su tarar a waje.

Rami

Haƙa ramin tun a Mayu, bayan ruwan farko ya tausasa ƙasa. Ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu tsawo, ƙafa biyu zurfi, in ka ƙara faɗin ma ya fi. Ƙasar sama mai duhu ka tara ta gefe guda, jar ƙasan ciki gefe guda.

A wurare da dama a Zariya, da ka yi ƙafa ɗaya ko biyu za ka ji diga ta yi ƙara, ka ci karo da marmara. Kada ka tsaya a kanta. Ramin da gindinsa marmara ne tukunya ce, in marka ta zo a Agusta ruwa zai kwanta a ciki saiwa ta ruɓe. Fasa ta iyakar ƙarfinka. Sannan ka gwada: cika ramin da ruwa da yamma. In da safe ka tarar ya tsotse, alhamdu lillahi. In ya kwana ya wuni yana nan, ko dai ka sauya wuri, ko ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu ka dasa a kansa. Haka ma wanda filinsa ke gangaren fadama, wajen Kubanni ko Galma, inda ruwa ke kwanciya da damina: falamboyan tana jure fari, amma ba ta jure zama cikin ruwa.

Gauraya ƙasar saman nan da kwano biyu ko uku na takin shanu ko na tumaki da ya ruɓe ya zama baƙi, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Takin da bai ruɓe ba, mai ragowar kara da ciyawa, kiran gara ne. Mayar da haɗin cikin ramin, ka bar ruwan sama ya dake shi mako biyu ya zauna.

Ranar dashe

Jira ruwa ya zauna, wato daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ruwan farko na yaudara ne, ana iya yi sau biyu a ɗauke kwana ashirin. Kada kuma ka kai Satumba, don ruwan Zariya yana ɗaukewa a farkon Oktoba, dashen bai kafu ba rani zai same shi.

Zaɓi yammacin ranar da aka yi ruwa ko ake lumshi. Shayar da ledar tun da safe don ƙasar ta riƙe jikinta. Buɗe gurbi a tsakiyar ramin daidai girman ledar. Tsaga ledar da reza daga gefe, ka zare ta gaba ɗaya. Na sha ganin inda aka binne dashe da ledarsa, bayan shekara ana mamakin me ya hana shi girma. Ɗora dunƙulen ƙasar a hankali kada ya wargaje. Abin lura a nan shi ne wuyan dashen: inda ƙasa ta tsaya masa a cikin leda, nan za ta tsaya masa a rami. In ka nutsar da shi wuyan zai ruɓe. Cika gefe-gefe, ka danna da tafin hannu, sannan ka ɗan taka da ƙafa a kewaye. Zuba bokiti guda na ruwa ko da ƙasa na da danshi, don ta manne da saiwar.

Kafa sanda mai ƙarfi taƙi guda daga jikinsa, ka ɗaure da tsumma ko yankin tsohon tub na keke, sako-sako yadda zai ɗan yi rangaji. Waya da igiyar leda suna shiga cikin ɓawo. Bayan shekara ka kwance.

Kuma a ranar, ba gobe ba, ka yi masa kariya. Akuya ba ta san wahalar da ka sha ba, cizo biyu ta gama da aikin wata huɗu. Ragar waya da aka kewaya a kan turaku huɗu ita ta fi, tsawonta ya kai ƙirji. In babu, jera bulo a kewaye kana barin tazara don iska da haske, ko ka yi shingen ƙaya. Tsohon duro da aka fasa gindinsa yana tare akuya, amma a Maris yana ɗaukar zafi ya gasa abin da ke ciki. Kariyar nan za ta zauna shekara biyu zuwa uku, har ganye ya fi ƙarfin akuyar da ta miƙe a kan ƙafa biyu, ɓawon kuma ya yi kauri. An fi samun ɓarna da kaka, in an gama girbi an saki dabbobi.

Bayan wata guda, in ka ga sabon toho, za ka iya ba shi takin zamani NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana ɗaya. Zagaya da shi taƙi guda daga jikin, ka rufe da ƙasa. Cire ciyawa a kewayensa duk damina, da hannu, kada fartanya ta sari saiwar.

Rani na farko

A nan ake rasa yawancin dashe. Damina kowa gwani ne, Allah ke shayarwa. Daga Nuwamba zuwa Mayu kuwa, wata shida zuwa bakwai, kai ne ruwan samansa.

Da ruwa ya ɗauke, tara ƙasa ka yi masa kewaye kamar faranti, faɗin taku guda, yadda ruwa zai tsaya ya nutse. Da hunturu ba shi jarka guda mai lita 20 ko 25 sau biyu a mako. In Maris ya shiga har zuwa saukar ruwa, mayar da shi sau uku. Zuba da yamma ko da sassafe. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zaman sama, ita kuwa dama halinta ke nan, so muke ta nutsa gwargwadon iko.

Na san ruwa ba arha ba ne a unguwanni da yawa, wani sai ya saya wurin 'yan garuwa. Ga dabarar da ta taimake ni. Ajiye bokiti a wurin alwala, ruwan da ya taru a yini ya ishi dashe guda. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma yana yi. Wanda za ka guje masa shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, da ruwan da ke da gishiri ko mai. In kana da tsohon tulu da ya tsage, binne shi har wuya kusa da dashen, ka riƙa cika shi kana rufe bakinsa. Zai riƙa tsattsafowa a hankali can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Wannan dabarar manoman da ce, kuma har yanzu ban ga wadda ta fi ta tattalin ruwa ba.

Rufe farantin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, don danshi ya daɗe. Amma bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin dashen. Dalili kuwa gara.

Gara ita ce babbar abokiyar gaba a ƙasarmu, kuma ta fi kama dashen da ƙishi ya galabaitar. Wanda ke shan ruwa a kan kari yakan fi ƙarfinta. Duk mako ka tsuguna ka duba gindin. In ka ga ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin ɓawo, kankare da hannu, ka barbaɗa tokar murhu a kewaye, ka ƙara da dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya. In akwai shuri kusa, ko abin ya ci tura, je wurin masu sayar da maganin gona ka nemi na gara, ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, kuma kada ka zuba shi kusa da rijiya. Abu guda da nake roƙo: kada ka zuba baƙin mai. Mutane suna yi da niyyar korar gara, amma yana kashe ƙasar ya kashe saiwar tare.

Kada ka tsorata in ka ga ganye ya yi rawaya ya zube a Disamba ko Janairu. Ɗabi'arta ce. In kana shakka, ɗan kankari ɓawon reshe da farce: in ka ga kore a ciki, barci take. Ci gaba da ba ta ruwa. Sannan a gargaɗi masu ƙona shara kada su kunna wuta kusa da ita, don ɓawonta ba shi da kauri, wutar hunturu kuma ba ta da linzami.

Rani na biyu sau ɗaya a mako ya isa. Daga na uku ta kama kanta.

Gyaran rassa

Falamboyan tana da saurin girma, kuma in an bar ta da kanta tun tana ƙasa za ta rabu biyu ko uku ta baje. Kai kuwa so kake ka samu gangar jiki guda miƙaƙƙiya, laimar ta buɗe a sama da kan mutum. Don haka a shekara biyu zuwa uku na farko, zaɓi reshe guda mafi ƙarfi ya zama shugaba. Na ƙasa ka riƙa rage su sannu-sannu, ɗaya ko biyu a shekara, har gangar ta kai mita biyu da rabi ba reshe. Daga nan ka sake mata ta yi laimarta. Kada ka aske su duka rana ɗaya, da ganyen take ci.

Yi yankan da rani lokacin da ba ganye, da zarto ko almakashin lambu mai kaifi. Sara da adda yana tsaga reshe ya bar rauni da ruwa zai shiga. Yanke dab da ɗan kumburin da ke gindin reshen, kada ka shafe kumburin, kada kuma ka bar dogon kututture. Inda rassa biyu suka tashi a matse kamar gwafa, cire ɗaya tun suna ƙanana, don irin wannan mahaɗa ita iska ke fara tsagawa. In ta fara fure, duk gyaran da za ka yi ka bari sai furen ya wuce.

Fure, da abin da ke hana shi

Wadda aka tayar daga ƙwaya takan ɗauki shekara huɗu zuwa shida kafin furen farko, wata ma ta fi haka. Furen farko ba ya da yawa, 'yan tsiraru ne a bakin rassa. Tsinko ɗaya ka duba: kunnuwa biyar ne, huɗu ja, na biyar ya fi su girma da ɗigon fari da rawaya. Kowace shekara yana ƙaruwa, har ranar da za ka fito da safe ka tarar tsakar gida ta zama jar darduma.

In ta wuce shekara bakwai ba labari, duba abu uku. Inuwa ta rufe ta? Ana ɗura mata takin yuriya ko kashin kaji? Wannan ganye yake sa ta yi, ba fure ba. Ko kuwa tana shan ruwa duk rani, wataƙila daga kwata ko famfo mai yoyo? Babbar falamboyan tana buƙatar ta ji rani a jikinta, ta zubar da ganye ta huta, sannan ta fashe da fure gab da damina. Ruwan da ya raya ta tana ƙarama, in aka ci gaba da shi bayan ta girma, shi ke rage mata fure.

Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa tambayata amfanin bishiyar da ba a cin 'ya'yanta. Na ce masa, Baba, zo ka zauna a gindinta da hantsi a watan Mayu ka ji ƙugin ƙudan zuma, ka ga tsuntsayen da ke shan ruwan furen. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna duk dashen da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Kuma ba wanda ya hana a dasa mangwaro da gwaiba a ɗaya gefen. Yanzu a inuwarta yake shimfiɗa tabarmarsa bayan azahar.

Sai dai ka sani ba abin da ke yin kirki a ƙarƙashinta, saiwarta tana kwashe danshi, don haka kada ka yi wahalar shuka alayyafo ko ciyawar ado a nan. Wurin zama ne. In kana son daɓe, bar mata fili mai faɗi ba siminti, ka zuba yashi ko tsakuwa.

Da ta girma, aikin da ya rage kaɗan ne, amma kada a yi wasa da shi. Da hunturu, lokacin da ta tuɓe, ɗaga kai ka duba rassan. In ka ga wani curin ganye kore shar a kan reshe alhali sauran bishiyar tsirara take, kauci ne. Tsuntsaye ke kawo shi, yana tsotse bishiya har ya busar da reshen. Yanke reshen a ƙasa da inda ya kama, kamar kamu guda, don saiwarsa tana shiga cikin itacen. Duba gindin ma: in wani naman kaza mai tauri kamar faranti ya fito a jikin kututturen, alamar ruɓa ce a ciki, sai a kira wanda ya san aikin itace ya duba kafin iskar bazara. Busassun rassa kuma a sauke su a Maris, tun hadari bai fara haɗuwa ba. Kwansunan da suka faɗo a tara su a inuwa. Na hura wuta ne masu kyau, kuma daga cikinsu za ka ware na shukar bana.